Amsoshin Tambayoyinku: Injin da Ake Cewa Yana Buga Ƙoda

Jakarmu ta wannan mako ta zo da takardu uku daga ƙasar Birnin Gwari, kuma da yake dukkansu a kan magana ɗaya suke, sai muka ga ya fi kyau mu haɗa su mu amsa a zama ɗaya. Sai a gyara zama.

Takarda ta farko ta fito ne daga hannun wani manomi a Kuyello. Bayan gaisuwa mai yawa, ya ce ɗansa ya nuna masa wani hoto mai motsi a waya, inda wani inji ke ta kai da komo da allura a cikin gilashi, har siffar zuciyar mutum ta bayyana. Yana tambaya, shin gaskiya ne ko kuwa siddabarun 'yan fim ne? In kuma gaskiya ne, yaya za a yi abu mai laushi kamar tsoka ya tsaya ana ta ɗora masa wani a kai, bai rushe ba?

To Malam, mun gode da wannan takarda. Abin da ka gani akwai shi. Tambayarka ta biyu kuwa, ita ce ta daɗe tana hana masana wannan aiki barci.

Bari mu fara da injin. Ana kiransa injin ɗab'i na 3D. Wanda ka saba gani a shagon buga takardu tawada yake shafawa a kan takarda. Shi wannan ɗora abu yake yi, sahu a kan sahu, har ya yi tsawo da kauri, ka iya ɗaukarsa da hannu. Ka tuna yadda ake ginin rumbu: a kewaya da ƙasa sahu ɗaya, a bari ta sha iska, a ƙara wani. Haka ma masu ginin tukunya irin su marigayiya Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan takardar naira 20, suke murza yumɓu kamar igiya suna ɗorawa. Injin ma haka yake yi, sai dai kwamfuta ce ke jan hannunsa. Wani Ba'amurke, Charles Hull, shi ya sami rajistar ƙirƙiro irin wannan inji a 1986, kuma da roba ya yi aikinsa.

Daga baya masu binciken lafiya suka ce, me zai hana a gwada da abin da aka yi jikin mutum da shi? Ka san jikinmu an gina shi ne da wasu ƙwayoyin halitta ƙanana, waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Akan ɗebo su daga jikin mutum, a rene su a ɗakin bincike su hayayyafa, a kwaɓa su da wani abu mai yauƙi, a ɗura a sirinji, injin ya riƙa matso su ta bakin allura. Wato ƙwayoyin masu rai ne, ba injin ne ya yi su ba. Aikinsa jerawa kawai.

A nan gizo ke saƙa. Kwaɓin nan mafi yawansa ruwa ne, kaurinsa bai wuce na koko ba. Gwada gina rumbu da koko ka gani. Mai rumbu yana jiran rana ta busar masa da sahu kafin ya ƙara, amma a nan idan abu ya bushe ƙwayoyin sun mutu. In kuma aka ce a yi kwaɓin da tauri don ya tsaya, to wajen matso shi ta allura za a murƙushe ƙwayoyin. Saboda haka dole a nemo abin da zai tallafe ginin, kamar yadda birkila ke kafa katakai da sanduna in zai zuba rufin siminti, bayan 'yan makonni ya kwance su rufin ya tsaya da kansa. Sai dai abin tokarar da ake nema a nan yana da sharaɗi mai wuya: ya riƙe ginin ta kowane gefe, kada ya zama guba ga ƙwayoyin, sa'an nan in ya gama aikinsa ya fita ba tare da an ja shi ko an ɓamɓare shi ba.

Dabara ta farko, za ka yi mamaki, tana cikin tukunyar uwargida. In aka dafa ƙafar sa ko ganda, romon ya kwana cikin sanyin hunturu, da safe me kake gani? Ya daskare yana rawa. Da an ɗora shi a wuta kuma sai ya koma ruwa. Abin da ke sa shi haka sunansa jelatin, daga fata da ƙashi da jijiya yake fita. A 2015 wani malami mai suna Adam Feinberg da ɗalibansa a Jami'ar Carnegie Mellon da ke birnin Pittsburgh na Amurka suka bayyana yadda suka niƙa daskararren jelatin ya zama ƙananan ƙwayoyi, suka cika kwano da shi. In allura ta ratsa cikinsa sai ya buɗa mata hanya, in ta wuce ya rufe ya kama abin da ta ajiye. Ka ga kenan ginin ba a sarari yake tsaye ba, a nutse yake, an rungume shi ta sama da ƙasa. Da an gama, sai a ɗumama kwanon zuwa digiri 37, wato daidai zafin jikin mutum. Jelatin ya narke ya tsiyaye, ginin ya fito lafiya, ƙwayoyin ma ba su ƙone ba domin zafin da suka saba da shi ne.

Da wannan hanya, a 2019 suka buga wasu sassan zuciya, har da ƙyauren nan da ke buɗewa da rufewa don kada jini ya koma baya. A 2020 suka buga siffar zuciya mai girman ta babban mutum da wani yauƙi da ake samu daga ciyawar teku, domin likitoci su riƙa koyon tiyata da ita. A watan Afrilun 2019 kuma, masana a Jami'ar Tel Abib suka nuna wata 'yar zuciya da suka buga a cikin irin wannan kwano, da ƙwayoyin da suka samo daga kitsen jikin mutum. Girmanta kamar na zuciyar zomo. Mai yiwuwa ɗaya daga cikin waɗannan ɗanka ya nuna maka. Amma ka lura, Malam: ta jami'ar Amurka abin koyo ce, babu rai a cikinta, ta Tel Abib kuwa ba ta iya harba jini ba. Babu wadda aka sa wa mutum.

Dabara ta biyu ta shafi hanyoyin jini. Kowace ƙwaya a jikinka tana bukatar iska da abinci, kuma jini ne ke kai mata. In ta yi nisa da jijiyar jini fiye da kashi ɗaya cikin biyar na milimita, wato kamar kaurin takarda biyu, sai ta fara galabaita. Manomin rani ya san wannan: gona komai kyanta, in ba a ja mata lambatu ba, bakin ruwa ne kawai zai yi kore, tsakiya ta ƙone. To yaya za a haƙa lambatu mai siririn gashi a cikin abu mai laushin koko?

Masu kafa amya a dajin Birnin Gwari sun san kakin zuma, sun kuma san maƙeran farfaru na saye. Maƙerin yakan siffanta abin da yake so da kaki, ya lulluɓe shi da yumɓu, ya gasa. Kakin ya narke ya zube, ya bar rami mai siffarsa, sai a zuba narkakkiyar tagulla. Da haka aka yi shahararrun kayan tagullar Ife da Binin tun ƙarnuka da suka wuce. Wannan hikima ce masanan suka bi. A 2012 Jordan Miller da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania suka buga wata raga da narkakken sukari, ta sandare kamar alewa. Suka zuba kwaɓin ƙwayoyin hantar ɓera a kanta, bayan ya kama suka bi da ruwa. Sukari ya narke ya bar ramuka kamar jijiyoyi, suka riƙa tura ruwan abinci ta ciki, ƙwayoyin da ke kusa da ramukan suka ci gaba da aiki. A Jami'ar Harvard kuma, wata malama Jennifer Lewis ta yi amfani da wani sinadari mai halin banbarakwai: da ɗumi yana da kauri, in aka sanyaya shi ya koma ruwa a zuƙe shi. A 2016 ita da mutanenta suka raya tsoka mai kaurin santimita ɗaya fiye da mako shida. Santimita ɗaya, kamar faɗin farcen ƙaramin yatsa. A wannan fage, babban abu ne.

Dabara ta uku ita ce a yi ƙwarangwal da zai shiga jiki tare da ƙwayoyin, ya narke sannu a hankali, kamar zaren ɗinkin tiyata da ba a warwarewa. Tun daga 1999 wani likita Anthony Atala ya fara sa wa marasa lafiya mafitsara da aka rena da ƙwayoyin jikinsu a kan irin wannan ƙwarangwal, kuma a 2006 ya ba da rahoton mutum bakwai. Da hannu aka siffanta waɗannan, ba da inji ba. A watan Maris na 2022 ne aka dasa wa wata budurwa 'yar shekara 20 kunne da inji ya buga da ƙwayoyin guringuntsinta, a jihar Texas ta Amurka. Har ganye ma an gwada: a 2017 wasu masana a jihar Massachusetts suka wanke ganyen alayyahon Turawa da sinadarin sabulu, koren ya fita, jijiyoyinsa suka rage, suka shuka ƙwayoyin zuciya a kai suna motsi har tsawon mako uku. In ka duba za ka ga abubuwan da aka riga aka sa wa mutum duk masu sauƙin gini ne: jaka kamar mafitsara, ko guringuntsi wanda ba ya bukatar jijiyoyin jini a cikinsa. Muna fatan ka gamsu, a gaida mutanen Kuyello.

Takarda ta biyu daga wani ɗan kasuwar shanu ce a Karar Birnin Gwari, kasuwar da aka sake buɗewa a ƙarshen 2024 bayan ta yi shekaru a rufe saboda rashin tsaro. Ya ce ya ji ana faɗin da kayan jikin dabba ake wannan aiki, har wasu na cewa da alade. Yana so ya san gaskiya, da kuma matsayin abin a Musulunci.

Alhaji, Allah ya ba da kasuwa. Gaskiya ne jelatin daga dabba ake samunsa. Masana'antun duniya suna yin sa da fatar alade, da fatar shanu da ƙashinsu, da kuma fatar kifi. Wanda ke cikin ƙwanson kafso da wasu alewoyin kanti ma shi ne. Na shanun da aka yanka bisa ƙa'ida da na kifi babu wata magana a kansu. Na alade ne malamai suka yi saɓani: wasu suna ganin tunda ya rikiɗe ya bar asalinsa hukuncinsa ya canja, wasu ba su yarda ba sai in lalura ta kama kuma babu madadi. Wannan fili ba na fatawa ba ne, sai ka tuntuɓi malaman da ka amince da su. Abin da za mu ƙara maka shi ne, a dabarar kwanon da muka bayyana jelatin ɗin narkar da shi ake yi a wanke, kuma akwai madadinsa da ba na dabba ba, irin su yauƙin ciyawar teku da sukari.

Game da dashen gaɓa kuwa, Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1988, ta halatta shi bisa sharuɗɗa, ta kuma hana saye da sayar da sassan jikin mutum. Ka riƙe wannan, domin ya shafi takarda ta gaba.

Takarda ta uku ita ta fi taɓa mana zuciya. Wata baiwar Allah ce mai sana'ar hatsi daga yankin Dogon Dawa. Ta ce yayanta ƙodarsa ta daina aiki, suna ta jigila da shi zuwa wankin ƙoda, kuɗi sun ƙare. Yanzu wani ya zo musu da maganar cewa in suka sayar da gonar gado suka ba shi kuɗin, zai yi musu hanya a buga wa yayan sabuwar ƙoda da inji a ƙasar waje. Tana neman shawara.

Hajiya, Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne, ya saka miki da alheri kan wannan ɗawainiya. Ki saurara da kyau, ki kuma maimaita wa 'yan uwa: har zuwa yau babu wani asibiti a duniya, ko a Amurka ko a Indiya ko a Masar, da ya taɓa dasa wa mutum ƙodar da inji ya buga. Haka ma hanta, haka ma zuciya. Duk wanda ya ce miki zai yi hanya, ko dai bai san abin da yake faɗa ba, ko kuwa gonar yake hange. Kada ku sayar, kada ku ba da ko kwabo.

Ga dalilin da ya sa ƙoda ta gagara. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai wajen miliyan ɗaya, kowanne da ɗan ƙullin jijiyoyin jininsa da siririn bututunsa da ya fi gashi ƙanƙanta. A yini da kwana, ƙodoji biyu suna tace ruwa wajen lita 180 daga jini, wato jarka tara mai lita 20, su mayar da kusan dukkansa, su fitar da lita ɗaya da rabi ko makamancin haka a matsayin fitsari. Kin ji mutanen Harvard sun yi murna da tsoka mai kaurin santimita ɗaya. To ki kwatanta da wannan. Masanan suna ƙoƙari, kuma ranar da suka dace za a huta da neman mai ba da ƙoda, da shan maganin hana jiki ƙin baƙuwar gaɓa, tunda da ƙwayoyin mutum za a yi masa. Amma mara lafiyar da ke kwance yau ba zai jira wannan rana ba.

Abin da ke hannu hanya biyu ce. Ta farko wankin ƙoda, wanda bisa ƙa'ida sau uku ake yi a mako, kowane zama kamar awa huɗu. Mun san nauyinsa a kan mutumin Birnin Gwari, da tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa Kaduna ko Zariya, ga kuɗin mota ga na masauki. Ta biyu dashe, daga ɗan uwa ko wani da ya bayar don Allah, bayan likitoci sun gwada sun ga jininsu ya dace kuma shi mai bayarwar lafiyarsa ƙalau. Mutum yana rayuwa da ƙoda ɗaya. An fara cin nasarar wannan aiki a birnin Boston a 1954 tsakanin wasu tagwaye. A Nijeriya an fara a Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ya fara a 2002. Ku zauna da likitan ƙodar da ke duba shi, ku tambaye shi ko yayanki ya cancanci dashe, nawa ne kuɗin aikin, nawa ne kuma na maganin da zai riƙa sha har ƙarshen rayuwarsa, domin wannan na biyun shi mutane kan manta da lissafinsa. In za a taɓa kadara, sai bayan an ji wannan daga bakin likita, kuma a biya a ofishin kuɗin asibiti a karɓi rasit.

Sa'an nan ku guji dillalan da ke cewa za su samo muku ƙoda ta saye. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta cinikin sassan jiki. Kun kuma ji abin da ya sami tsohon mataimakin shugaban Majalisar Dattawa, Ike Ekweremadu, wanda wata kotun Landan ta ɗaure shekara tara da wata takwas a 2023, kan kai wani matashi ɗan tireda daga Legas don a cire ƙodarsa. Matasa ma ku ji: kwaɗayi mabuɗin wahala, kada talauci ya sa wani ya rabu da ƙodarsa a hannun 'yan damfara.

Ga sauran masu saurare da Allah ya bar mu da namu ƙodojin, rigakafi ya fi magani. Manyan masu kashe ƙoda su ne hawan jini da ciwon suga, kuma sukan yi shekaru suna ɓarna ba tare da mutum ya ji komai ba. Ranar kasuwa, ka ratsa asibiti ko ɗakin shan magani a auna ka. In an ɗora ka a kan magani kada ka bari don ka ji sauƙi. Manomi, ka rage haɗiyar haɗin ƙwayoyin ciwon jiki da ake ƙullawa a leda, domin irin su diclofenac da ibuprofen in aka lazimce su suna cin ƙoda. Ka tafi gona da ruwan sha isasshe lokacin zafi. In za ka yi feshi ka rufe hanci da jiki, kada kuma a zuba ruwan sha ko mai a galan ɗin magani. Masu haƙar zinariya a dajin nan, zaibar da kuke kama zinariya da ita guba ce ga ƙoda da ƙwaƙwalwa, balle hayaƙinta in ana ƙona ta. Dalma ma haka, ba mu manta da ɗaruruwan yaran da ta kashe a Zamfara a 2010 ba, don haka kada a niƙa dutse a cikin gida. Mata kuma a yi hattara da man bilicin, wasunsu akwai zaiba a ciki. Wanda ya ga ƙafarsa ko fuskarsa na kumbura, ko fitsarinsa na kumfa ko ya ragu, ya nufi asibiti tun da wuri, kada ya tsaya jiƙe-jiƙen saiwoyi.

To jama'a, agogo ya ce mu dakata a nan. Wanda ya ji ya faɗa wa wanda bai ji ba, musamman a majalisa da tashar mota inda irin waɗannan labarai kan fara yawo. Ku ci gaba da aiko da takardunku, a rubuta a fili, a sa sunan gari. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya zaunar da ƙasar Birnin Gwari lafiya, ya ba mu damina mai albarka. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mu kwana lafiya.